Inuwar da Ta Ƙi Barin Gilashi

"Ke za ki zaɓa," in ji Injiniya, yana buɗe mata ƙofar mota. "Ɗakin mahaifinki ne, kin fi kowa saninsa."

Auta ta shiga baya. Yaya Babba yana gaba, ya harɗe hannuwa, ya sha mur kamar wanda za a kai wurin cire haƙori.

Kowa a gidan ya san abin da wannan fitar take nufi. Tsohuwar talabijin ɗin Baba mai ƙaton ƙeya ta mutu, Injiniya kuwa, abokin Yaya Babba tun suna makaranta, ya ce shi zai sayo sabuwa. Ya daɗe yana neman auren Auta, ita kuma tana ta kewaye-kewaye. Shi ne da safe Umma ta zaunar da ita a bakin gado.

"Ranar da aka rataye abin nan a bangon mahaifinki, ranar za ki ba mutumin nan amsa. Ba za mu karɓi alherinsa muna ja masa rai ba. Kin haura talatin, Auta. Yaran da kika fara koyarwa har sun soma aure."

Motar ta wuce manyan shagunan bakin titi, ta karya kwana kusa da mai gyaran agogo. Auta ta gane hanyar.

"Yaya, duk garin nan babu wani shagon ne?"

"Akwai," ya ce, bai waiwayo ba. "Nan nake so. Gara ya gani da idonsa, kowa ya huta."

Shagon Dogo ne, tsohon manemin Auta.

Laifin Dogo ɗaya ne a wurin Yaya Babba, ya taɓa aure ya rabu da matar. "Ba shi da riƙo," haka yake faɗa duk inda aka zauna. "Mutumin da sana'arsa ita ce ya ce wa mutane su yar da tsohuwa su ɗauki sabuwa, shi za a ba ƙanwata?" Dangi suka ɗauki maganar suna yawo da ita kamar sun auna ta a sikeli. Babu wanda ya tambayi waye ya nemi rabuwar. Ni dai na ga mazan da ba su taɓa sakin mace ba, kuma ba su taɓa riƙe ta ba, rufin ɗaki kawai suka haɗa. Amma wannan ba ya cikin lissafin dangi.

Da rigimar ta yi zafi har jinin Baba ya hau, Auta da kanta ta kira Dogo ta ce kada ya ƙara nemanta. Ya ce, "To, Malama." Bai ƙara ba kuwa. Ko saƙon gaisuwa.

Abin da ya fi cin ranta ke nan. Watanni suna wucewa tana duba waya tsakanin darasi da darasi, tana jin haushin mutumin da ya bi umarninta sau da ƙafa. Har ta fara tunanin ko Yaya ne mai gaskiya, wanda ya saki hannu da sauƙi haka, anya ya taɓa riƙewa?

*

Bangon shagon cike yake da alluna, manya da ƙanana, duk suna nuna kifaye iri ɗaya suna yawo a ruwa ɗaya. Dogo ya fito daga ƙaramin ofishinsa na ciki da sauri, yana cusa wani abu a aljihu. Ya rame. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

"Sannunku da zuwa. Yaya, barka da rana."

"Ni ba yayanka ba ne. Ciniki ya kawo mu."

"To, yallaɓai." Ya juya wajen Auta, idonsa a kan jakarta. "Malama, ina wuni? Ya jikin Baba?"

"Da sauƙi," ta ce.

Injiniya ya miƙa masa hannu suka gaisa. Ya san waye Dogo, Dogo ya san waye shi. Ya nuna mafi girma a bangon, wadda ta kusa kai faɗin ƙofa biyu.

"Wannan nake ganin ta dace da tsoho. Idonsa ya yi rauni, gara babba."

"Tana da kyau," in ji Dogo. "Amma daga kujerarsa zuwa bango, akwai nisa?"

"Babu," Auta ta ce. "In ya miƙe ƙafa, saura kaɗan ya taɓa teburin da tsohuwar take."

"To za ta yi masa yawa. Sai ya riƙa bin hoton da wuya, dama da hagu, kafin a gama labarai ya gaji. Inci arba'in da biyu ta ishe shi."

Yaya Babba ya yi tsaki. "Ka ji ko? Ba ya so a ga ka yi abin kirki."

"A'a, gaskiyarsa," in ji Injiniya yana dariya. "Ni ne na yi tunanin falona. Malam, to wace iri za mu ɗauka, filasma ko marasa nauyin nan masu fitila a baya? Na san filasma ta fi shan wuta."

"Ta fi sha, ta fi nauyi, tana kuma ɗaukar zafi, sai an bar mata iska ta baya. Amma ita kowane ɗigo a gilashin shi ke kunna kansa, saboda haka baƙinta baƙi ne sosai, haskenta kuma ba ya soka ido. Mai raunin gani zai fi jin daɗinta." Ya saci kallon Auta. "Kuma Umma a gefe take zama, kan dardumarta kusa da ƙofa. Waɗancan in ka kalle su daga gefe launi yakan dushe. Wannan duk inda ka zauna hoton ɗaya ne."

Auta ta sunkuyar da kai. Sau ɗaya ya taɓa shiga ɗakin nan, ranar da ya je gaida Baba, tun kafin a rufe masa ƙofa.

"Taga fa?" Injiniya ya tambaya. "Gilashi ne, zai ɗauki hasken rana."

"Tana bayan kujerar," in ji Auta.

"Sai a sa labule mai kauri, in ba haka ba tagarsa zai riƙa kallo da rana. In za a ɗauke ta, a tsaye ake ɗauka, ba a kwantar da ita, gilashin na iya tsagewa a hanya." Dogo ya gyara murya, ya koma irin maganar da ya saba yi wa kowane mai saye. "Sai babbar doka. Kada a bar hoto ɗaya tsaye a kanta na dogon lokaci. Ko a tsayar da fim a tafi kasuwa, ko a bar hoton jikoki yini guda. Ɗigon da ya daɗe yana kunne a wuri ɗaya yakan gaji, sai hoton ya zauna a gilashin kamar inuwa. Ko an canza tasha yana nan."

"Mun ji wa'azi," in ji Yaya Babba. "Kawo arba'in da biyun."

"Sun ƙare. Wannan ta bango ma an saya, gobe za a ɗauka. In za ku jira mako mai zuwa..."

"Ka ga abin da nake faɗa?"

Injiniya bai ji shi ba. Yana leƙen ƙofar ofishin da aka bari a buɗe rabi. A bangon ciki, daidai gaban wata kujerar roba, akwai talabijin a rataye, a kashe.

"Waccan fa? Ai girman ke nan."

Fuskar Dogo ta canza. Ya matsa ya tsaya a bakin ƙofar.

"Waccan ba ta sayarwa ba ce."

*

"Ba ta sayarwa ba, ko ba ta sayar mana ba?" Yaya Babba ya ɗaga murya. "Baƙin ciki ne kawai! Matsa in gani."

"Yallaɓai, tana da matsala. Wallahi ba za ta yi muku ba."

"Matsa, na ce!"

Ya ture kafaɗarsa ya shige. Rimot yana kan kujerar robar, ya ɗauka ya danna. Allon ya kawo wuta, ga wani shiri na jirgin sama yana ratsa farin gajimare.

"Ina matsalar? Ras take! Auta, zo ki ga maƙaryacin da kike wa kuka."

Auta ta shigo, Injiniya na biye. Injiniyan ne ya ƙanƙance ido ya matsa kusa da gilashin.

"Tsaya. Ba ni rimot ɗin nan."

Ya danna ya kai ta inda babu tasha, allon ya zama toka-toka fili. A cikin tokar nan, a hankali kamar numfashi a kan madubi, fuska ta bayyana. Mace ce ta ɗan karkatar da kai, tabarau masu zagaye sun zamo kan hancinta, hannu ɗaya ya kama gefen mayafi, tana dariya.

Jakar Auta ta faɗi ƙasa.

Ta san hoton. A harabar makaranta wata abokiyar aikinta ta ɗauke ta, iska na neman ƙwace mata mayafi. Ta tura masa ne tun lokacin da babu wanda ya hana.



"Irin wannan ba ya zama a kwana ɗaya," in ji Injiniya a hankali. "Ko a kwana goma. Malam, kai da ka gama karanta mana doka yanzu?"

Dogo ya ciro hannu daga aljihu. Ɗan filashi ne mai ajiye hotuna, wanda ya zare daga jikin talabijin ɗin da ya hango motarsu.

"Na sani," ya ce. "Na fi kowa sani. Kullum in na kunna sai in ce kafin in gama shayi zan kashe. Sai mai saye ya shigo, in fita in bar ta. In na dawo kuma, sai in ga ai ba zan iya kashewa tana cikin dariya ba."

"Rashin kunya!" Yaya Babba ya daka tsawa. "Ƙanwar tawa ka rataye a bango kamar kalanda?"

Injiniya ya kama hannunsa. "Zo mu duba ƙarfen ratayewa a waje."

"Sake ni!"

"Zo, na ce. Tun muna aji ɗaya kake ihu, ba ka taɓa gyara komai da shi ba."

Ya ja shi suka fita, ya bar ƙofar a buɗe.

Auta ta tsaya tana kallon kanta a gilashi. Hawaye suka cika tabaraunta har ta daina ganin komai, ta cire su ta riƙe.

"Ko sau ɗaya ba ka kira ba."

"Ke kika ce kada in kira."

"Na ce! To don na ce? Komai na faɗa sai ka bi? Ko musu ba ka yi ba, Dogo. 'To, Malama.' Kamar na ce ka rage ƙarar rediyo."

"Kin ce jinin Baba ya hau. Me zan yi musu da shi? Da ciwon mahaifinki?"

"Da ka yi kuskure ko sau ɗaya. Ka danna lambata ka ce hannunka ne ya zame."

"Na sha dannawa. Ban taɓa barin ta shiga ba."

Ta share fuska da gefen mayafi, kukan ya ƙi tsayawa. "Ka san me suka ce? Sun ce ba ka da riƙo. Kullum, safe da yamma, har na fara ji kamar gaskiya ne. Na ce ai ga shi, na ce ya tafi, ya tafi, ko waiwaye babu. Ina tsaye gaban allo ina rubuta wa yara lissafi, ina tunanin ko ka sami wata."

"Ta farkon ma ba ni na ce ta tafi ba," ya ce. "Ita ta ce zaman ya ishe ta, na roƙa, ta ƙi, na sake ta don ban iya tsare mutum da ƙarfi ba. Ke ma da kika ce in bari, na bari. Ban san wata hanyar son mutum ba, Malama, sai in yi abin da ya ce. In wannan ne rashin riƙo, to sun yi gaskiya."

"Ka rame."

"Ke ma."

"Ni azabar gida ce. Kai fa?"

Ya nuna bangon da haɓa, ya yi ɗan murmushin da ya fi kuka ciwo.

"Zai goge?" ta tambaya.

"Akwai wani farin layi da ake sa wa ya yi ta wucewa a kan allon, yakan rage shi. Wani lokaci ya tafi, wani lokaci ya ƙi."

"Ka gwada?"

"A'a."

Daga waje muryar Yaya Babba ta ratso. "Auta! Fito mu tafi wani shagon!"

Ta mayar da tabaraunta. Ta sunkuya ta ɗauki jakarta, ta kakkaɓe ta. Sannan ta fita tsakiyar shagon, inda kifaye ke ta yawo a bango, ta tsaya gaban Injiniya.

"Ka ce ni zan zaɓa."

"Na ce."

"Waccan nake so."

*

Yaya Babba ya rantse ba za ta shiga gidansu ba. Injiniya ya dubi Auta. Ya ciro hankici ya goge goshi, ya ninke shi da kyau, ya mayar aljihu.

"Na yi wa tsoho alkawarin yau zai ga labarai," ya ce. "Malam, sauko da ita."

"Ba ta sayarwa ba ce."

"Ni ma ban ce zan saya ba. Ba tawa ba ce da zan saya. Dako kawai zan yi."

Su biyun suka sauko da ita, mai so da mai so, kowa ya kama gefe. Suka tsayar da ita a kujerar baya. Auta ta shiga ta rungume ta da hannu biyu don kada ta kwanta. Yaya Babba ya ƙi shiga motar, ya ce zai zo da ƙafarsa.

Da motar ta tashi ta leƙa ta bayan gilashin. Dogo yana tsaye a ƙofar shago, hannuwansa a sake, kamar bai san abin da zai yi da su ba.

Injiniya da kansa ya huda bango, ya ɗaura ƙarfe, ya bar tazara ta baya don iska. Da ya gama ya wanke hannu, ya durƙusa ya gaida Baba. Umma ta biyo shi har tsakar gida tana kame-kame.

"Ɗana, ai ba ka ji ta bakinta ba tukuna."

"Na ji, Umma. Ta ba ni amsa, kuma ba ta ɓoye ba. Na gode mata da wannan." Ya sa takalmi. "A sa labule mai kauri a tagar nan."

Yaya Babba ya iso yana huci, ya zazzage wa Baba komai daga farko har ƙarshe, ya ƙara da nasa. Umma ta zauna kan dardumarta tana sharar hawaye, tana cewa yarinyar nan ta kori mutumin kirki saboda tabo a gilashi. Kuma mutumin kirki ne, babu mai musu. Auta ta durƙusa gefen kujera tana jiran hukunci.

Baba ya saurare su har suka gama. Ya jawo kujerarsa gaba, ya kunna. Mai karanta labarai ya fito da farar riga, a kan farar rigar kuwa ga tabarau masu zagaye da gefen mayafi.

Ya daɗe yana kallo.

"Ku ba ni wuri," ya ce. "Ina jin labarai."

Kwanaki suka wuce a haka. Babu wanda ya ƙara ɗaga maganar a gabansa, babu kuma wanda ya daina yin ta a bayansa. Gwaggo ta zo ta kalli allon ta ce abin kunya ne. Yaya Babba ya gano inda ake kunna farin layin nan mai gogewa, ya zo neman rimot, ya tarar Baba ya sa shi a aljihun gaba, ya ɗora hannu a kai.

Auta kuwa kullum in ta dawo daga makaranta sai ta kai wa Baba ruwa, ta ɗan daɗe tana gyara labule. Ba fuskarta take kallo ba. Kujerar robar nan take gani, da kofin shayin da ya huce, da mutumin da ya kasa danna maɓalli ɗaya. Wayarta tana jaka, shiru. Har yanzu bai karya umarninta ba, ita kuma ba ta da bakin janye shi.

Ran nan da yamma, rana ta yi sanyi, Baba ya kira ta.

"Auta, abin nan yana ɗan yanke mini. Ina jin wata waya ce ta yi sako-sako a baya. Ki kira mai shagon ya zo ya duba."

Yaya Babba, da ke zaune bakin ƙofa, ya miƙe zumbur. "Baba, ni zan duba."

"Kai na kira?"

Auta ta leƙa bayan talabijin ɗin. Ta taɓa wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Injiniya ya yi aikinsa da kyau, kowacce ta zauna daram.

"Baba," ta ce a hankali, "babu wadda ta yi sako-sako."

Tsohon ya dafa hannun kujera ya tashi. Ya lallaɓa bango har ya kai, ya zura hannu ta baya, ya laluba, ya fizgo waya ɗaya. Mai labarai ya ɓace. Allon ya koma toka, fuskar ta fito sarai tana dariya a tsakiyar ɗakin.

Ya miƙa mata bakin wayar, ya koma ya zauna.

"Yanzu fa?"